Motar da mahaifina ya bari tana shan ruwa tana zafi: in gyara ko in sayar?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a unguwar Zango, nan cikin Damagaram. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana Toyota Corolla ƙirar 1996, kuma da ita nake ɗan jigilar fasinja zuwa Mirya da Magarya, ina ciyar da Inna da ƙannena. Tun shigowar bazara ta fara shan ruwa. Da farko sai bayan kwana uku nake ƙara mata, yanzu kullum da safe sai na zuba kusan lita guda. Allurar zafi tana hawa idan na tsaya jiran lodi a tasha ko na shiga cunkoson Kasuwar Dole, amma in na hau titi na taka sai ta sauko. Makanikenmu aminin mahaifina ne, Baba muke ce masa, tun ina ƙarami shi ke taɓa motar. Ya cire kalorsta, 'yar ƙofar nan da ke tsare ruwa har injin ya ɗumama, ya ce ƙasarmu ba ta sanyi, ba ta da amfani. Ya fasa ƙwai ya zuba a lagireto, ta yi sati guda lafiya, sannan ta koma. Yanzu ya ce juwan kulas, faifan da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, shi ne ya ƙone, sai an buɗe injin, ni kuma ba ni da wannan kuɗin a hannu. Wani abokina ya ce in wanke ta tas in kai wa dillalai kafin ta mutu a hannuna. Ina jin nauyin kai ta wani gareji Baba ya ji labari. Ga shi nan da sati biyu akwai biki a Tanut, Inna na son in kai su. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya gafarta wa mahaifinka, Ya yi maka albarka da ka tsaya wa gida.

Kada ka bari a kwance ko noti ɗaya na kan injin nan tukuna. Ban ce Baba bai san aikinsa ba, mai yiwuwa ma maganarsa ce za ta tabbata. Amma a cikin abin da ka rubuto mini babu alama ko ɗaya da ta nuna juwan kulas kai tsaye, akwai kuwa alama babba da ke nuna wani wuri dabam mai sauƙin kuɗi.

Ruwan mota a rufe yake. Famfo na tura shi ya zagaya cikin injin ya kwaso zafi, ya bi tiyon sama ya shiga lagireto, iska ta sanyaya shi, ya dawo ta tiyon ƙasa. Injin ba ya ƙona shi yadda yake ƙona mai. Mota mai lafiya sai ta yi watanni ba a ƙara mata ko kofi ba. To lita gudar da kake zubawa kullum tana bin wata hanya: ko tana ɗiga ƙasa, ko tana tafasa ta fice ta bakin murfin lagireto, ko tana shiga cikin injin. Ta ƙarshen nan kaɗai ce ke buƙatar a buɗe kulas, wato kan injin. Kuma ka faɗa da bakinka cewa zafin a tsaye yake zuwa, in ka taka ya sauka. A guje, iskar hanya ce ke ratsa lagireto da kanta. A tsaye kuwa fanka ce kaɗai ke jawo iskar. Motar da juwan kulas ɗinta ya ƙone galibi ta fi yin zafi lokacin da injin ke aikin ƙarfi, da lodi, a kan titi. Taka akasin haka take yi. Abin da na fi zato shi ne fankarka ba ta tashi, ko tana tashi da rauni, ruwa na tafasa kana tsaye a tasha, murfi ya sake shi ya zube ta ƙaramin tiyon ambaliya, kai kuma kana can wajen fasinja ba ka gani ba.

Ga yadda za ka duba, kuma ba ya cin ko dala. Da daddare ka ajiye ta a wuri mai daidaito, ka shimfiɗa buɗaɗɗen kwali mai tsabta a ƙarƙashin injin, don yashinmu shanye ɗigo yake yi ya ɓatar da shaida. Bayan asuba, kafin ka tada ta, ka jawo kwalin ka ga ko ya jiƙe, kuma ta wane gefe. Sannan ka ɗaga kapo, wato marfin gaban mota, da tocila a hannu. Ka bi bakin kowane tiyo inda zoben ƙarfe ya matse shi. Ruwan da ke fita a kan ƙarfe mai zafi bushewa yake yi nan take, amma ya kan bar sawu, wani farin gari-gari ko jan tsatsa da ya daskare kamar an ɗiga an bari. Duk inda ka ga wannan, nan ne. Ka matsa tiyoyin da yatsu: wanda ya yi laushi tiɓis, ko ya kumbura kusa da bakinsa, ko ya bushe yana tsattsagewa, kwanansa ya ƙare. Lagireton irin wannan Corolla yawanci kansa na roba ne aka ɗaure shi a jikin alminiyom, to ka bi layin haɗin nan da kyau, da wuyan da tiyon sama ke shiga, don can ya fi tsagewa in ya tsufa. Famfon ruwa yana da wata 'yar ƙaramar huda a ƙasansa da aka yi da gangan. In robar cikinsa ta mutu ta nan yake fara zubar da ruwa, ka leƙa ka ga ko akwai sawun tsatsa a ƙarƙashinta. Ka ɗaga shimfiɗar ƙafar fasinjan gaba ka taɓa. In da danshi, ƙaramin lagireton hita da ke ɓoye bayan tablo, allon nan na gaban direba da fasinja, shi ne ya huje, kuma wannan ana iya zagaye shi da guntun tiyo kafin a samu halin gyara.

Murfin lagireto kuwa, mutane na raina shi, alhali aikinsa ya fi girmansa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, a nan Damagaram ma ƙasa da haka kaɗan saboda muna kan tudu. Murfin yana da sifirin da ke riƙe matsi a ciki, za ka ga an rubuta 0.9 a samansa. Da wannan matsin, ruwa sai ya doshi digiri 120 kafin ya tafasa. Injin da ke aiki lafiya yana yawo ne wajen digiri 90. Ka ga ke nan in murfi ya saki, tazarar da ta rage tsakanin lafiya da tafasa 'yar kaɗan ce, kuma a watan Afrilu da Mayu, da rana ke haura digiri 40 a inuwa, wannan 'yar tazarar ba ta kai ka ko'ina. Juya murfin ka dubi robarsa. In ta tsage, ko ta taurare, ko sifirin ya yi lagwai, ka sayi sabo mai lamba iri ɗaya. Cikin kayan da ke sanyaya injin babu abin da ya kai shi araha, kuma na ga motocin da shi kaɗai ne ciwonsu.

Sai fanka. Ka cika ruwa, ka rufe, ka tada motar ka bar ta tsaye tana aiki, idonka na kan allura. Kafin ta wuce tsakiya ya kamata ka ji fanka ta tashi da ƙarfi, ta yi ɗan lokaci ta tsaya, ta sake tashi. In allura ta wuce rabi ba ka ji komai ba, kashe motar, ka samu ɓarawonka. Mai lantarkin mota zai bi fis, da rile (ɗan akwatin da ke sakar wa fanka wuta), da ɗan makunnin zafin da ke ba fanka umarni. A Corolla na waɗannan shekarun, in aka zare wayar makunnin nan makulli na kunne, fanka tashi take yi nan take. In ta tashi, ita lafiyarta lau, makunnin ne ya mutu, in ba ta tashi ba sai a koma kan fis, rile ko ita kanta. In ma tana juyawa ka gwada ta: sa takarda a gaban lagireto, ya kamata iska ta manne ta a jiki. In tana ture ta waje, wani ya taɓa juya wayoyin, fankar na hura iska baya. Ka kula da hannun rigarka da yatsunka a wajen, domin wannan fankar ba ta sallama kafin ta tashi. Ka kuma haska tocila ta bayan lagireto ka ga ko haske na ratsawa. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwarin hanyar Magarya suna toshe ramukansa sarai. A wanke shi daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, kada a lanƙwashe siraran fukafukansa.

In duk wannan bai nuna komai ba, to sai a saurari maganar Baba da kyau. Juwan kulas faifai ne da ke shimfiɗe tsakanin kan injin da gangar jikinsa, shi ya raba hanyar wuta da ta ruwa da ta baƙin mai. In ya ƙone ba ya ɓuya. Da sanyin safiya ka buɗe murfin lagireto, ka cika shi maƙil, ka tada: in kumfa na ta ɓullowa ba ƙaƙƙautawa, ko ruwan na tsalle waje tun injin bai ɗumama ba, iskar wuta ce ke shiga ruwa. In ka rufe ka tada, tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu alhali injin na da sanyi, ita ce dai. Farin hayaƙi mai kauri a salansa wanda ba ya ɗaukewa bayan mota ta yi zafi, karkarwar injin a tashin farko, baƙin mai da ya koma fari-fari a jikin sandar awo ko a ƙarƙashin murfinsa, buji (abin da ke ba injin tartsatsin wuta) guda da ya fito fes ya bar 'yan'uwansa da baƙi, duk shaidu ne. Akwai kuma wani famfon hannu mai agogo da ake ɗaurawa a bakin lagireto a hura masa matsi injin na kashe. In agogon na sauka kuma ruwa ya tsarto a wani wuri, an gama bincike. In yana sauka ba a ga ɗigo ko'ina a waje ba, ciki yake tafiya. Ka tambaya a garejin da suka fi girma a gari, awon ba ya ɗaukar rabin awa.

In ta tabbata shi ne, kada a canza faifan kawai a mayar. Kan injin nan na alminiyom ne, zafi na sa ya karkace. A ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfen awo a gani. Abin da aka yarda da shi bai wuce kaurin gashin kai ba, in ya zarce sai an kai shi an share fuskarsa a injin. A ɗaure notinan da sifana mai awo, bi da bi daga tsakiya zuwa waje, ba da ƙarfin dantse ba. Kuma dole a gyara abin da ya jawo zafin tun farko, in ba haka ba sabon faifan ma zai bi sawun tsohon.

Maganar kalorsta, ina fahimtar Baba. Tsofaffin makanikai sun sha ganin ta maƙale a rufe a tsakiyar daji ta dafa injin, shi ya sa suke tsoronta. Amma cire ta ba ya toshe huda, ba ya tada fanka. Ita ƙofa ce da ke rufe har ruwa ya kai wajen digiri 82 sannan ta buɗe. In babu ita, injin na daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman da safiyar hunturu, ya riƙa shan mai fiye da kima yana cin kansa. A injina da dama ma ita ce ke tilasta wa ruwa bi ta lagireto, in an cire ta wani kaso ya riƙa zagaye a cikin injin bai je ya sha iska ba. In tsohuwar tana nan, ɗaura mata zare ka saka ta a tukunyar ruwa a kan wuta: mai lafiya za ka ga bakinta ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya koma ya rufe in ta huce. In ba ta motsa ba, a sa sabuwa. Ƙwan kuma dabarar hanya ce, ta wanda dare ya yi masa a daji yana son ya isa gari. Ƙwai bai san huda ba, inda ya ga matsi nan yake daskarewa, har da siraran bututun lagireto da kake buƙatar su a buɗe. Sai an kwance lagireton an wanke shi da kyau, an kuma ɗauraye cikin injin har ruwa ya fito garau.

Wane ruwa kake zuba mata? Na san halin ruwa a garin nan, abin da mai garuwa ya kawo shi ake amfani da shi. Amma leƙa cikin butar shayin da ta daɗe tana aiki ka ga farin dutsen da ya manne a gindinta. Haka ruwan rijiya da na famfo ke yi a cikin lagireto da injin, ga tsatsa kuma da yake haifarwa a famfo da jikin ƙarfe. Ruwan lagireto na gaskiya, wanda ake sayarwa a galan, ba don ƙasashen ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. Yana ɗauke da maganin tsatsa, yana kuma ɗaga ma'aunin tafasa. Bayan an gama gyara, an tabbatar ba ta zubarwa, sai ka sa shi, ba kafin nan ba, don kada kuɗinka ya tsiyaye a yashi. Ka sayi wanda bakinsa ke like, ka karanta ko na gaurayawa ne ko an riga an gauraya. In za ka gauraya, ka nemi tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ka kuma tabbatar ba mai asid ɗin aka ba ka ba, ko ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki in ka tace shi. Abu ɗaya da nake roƙonka: wannan ruwan guba ne, kuma yana da zaƙi. Kada ka juye ragowarsa a robar lemo, kada ka bar shi inda ƙannenka ko awakin gida za su kai baki. Yana kashe ƙoda.

Kafin a yi gyaran, in dole sai ka fita neman na cefane, ka taƙaita jigilarka ga hanyar Mirya da ba ta kai kilomita 20 ba, ka bar Magarya tukuna, kuma ka riƙa kashe injin in kana jiran lodi. In allura ta doshi ja, ka sauka gefe ka kashe. Kada ka taɓa murfin nan sai ta huce har kana iya riƙe tiyon sama da hannu, aƙalla rabin awa; ruwan da ke ciki ya wuce zafin tafasa, kana murɗawa zai yi tsiri ya sami fuska da ƙirji. Kada ka sheƙa ruwan sanyi a kan injin mai zafi ko a cikinsa, kulas na iya tsagewa. Kuma in ka ga allura ta hau sannan ta faɗo da kanta ba dalili, kada ka yi murna. Wani lokaci ruwan ne ya ƙare ƙaf, abin awon ya rasa abin da zai auna.

Yanzu Baba. Nauyin da kake ji tarbiyya ce, kada ka yar da ita. Amma ba sai ka zaɓi ɗaya tsakanin mutuncinsa da abincin gidanku ba. Kada ka saci jiki ka kai ta wani gareji. Garin nan ƙarami ne a wajen makanikai, kafin la'asar ya ji, kuma wannan ne zai yi masa ciwo. Ka yi dubawar da na faɗa maka, sannan ka same shi shi kaɗai, ba a gaban yaran garejinsa ba, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce: “Baba, na lura a tsaye take zafi, kuma ban ji fanka na tashi ba. Kuɗin buɗe injin ba su samu ba tukuna. Ko za ka taimaka mu fara duba fanka da murfi, in ya so ka nuna mini inda za a yi mata awon matsi mu je tare?” Ka ga ba ka ƙaryata shi ba, shaida ka kawo masa, ka kuma bar ragamar a hannunsa. Mutumin da ya yi zama da mahaifinka ba zai so ya ga 'ya'yansa sun ci bashi a kan aikin da bai zama dole ba. In ya ƙi sam, to a nan sai Inna ta sa baki, ko ka nemi izininsa a fili ka kai ta wurin mai lantarki, wanda dama ba fanninsa ba ne. Duk abin da aka samu, ka dawo masa da aikin hannun ya yi, ka biya shi haƙƙinsa.

Shawarar abokinka kuwa ban yarda da ita ba. Da farko, ka ce mahaifinku ya bar muku. In ba a raba gado ba, motar nan ba taka ba ce kai kaɗai, akwai rabon Inna da na ƙannenka a ciki, har da ƙananan da ba su san me ake ciki ba. Ba ka da ikon sayar da ita sai da saninsu da yardar wanda ke tsaye a kan dukiyar marayun. Sannan wanke ta a ɓoye ciwonta algus ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma malamanmu sun tabbatar cewa mai saye na da damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Wanda zai saye ta ma wataƙila irinka ne, ya tara shekara da shekaru, ya ɗebi iyalinsa ya shiga daji da ita. In bayan bincike kun zauna kun ga gyaran ya fi ƙarfinku, babu laifi ku sayar, amma ka gaya wa mai saye komai da bakinka: tana zafi, ga abin da aka gani, ga abin da aka yi mata. Za ta yi ƙasa a farashi. Ni dai zatona ba za a kai ga nan ba, don injin Corolla na wancan zamani yana da juriya, kuma kayansa ba sa wuya a kasuwa.

Tanut kusan kilomita 150 ne, hanyar arewa, inda garuruwa ke nesa da juna, inuwa kuma ta yi ƙaranci. Sharaɗina gare ka shi ne: in an gama gyara, ka yi sati guda cur kana aiki da ita, kullum da safe ka buɗe murfi ka duba. In ruwan na nan inda ka bar shi, allura kuma ba ta wuce tsakiya ko a tsaye, to bismillah, ku tashi bayan sallar asuba, kada ka cika mata kaya, ka ɗauki jarka biyu, ɗaya ta mota ɗaya ta sha, da guntun tiyo da zobban matsewa da bel. In satin bai cika ba kafin ranar biki, ko ka ƙara mata ko da kofi ɗaya, ka gaya wa Inna gaskiya tun yanzu, ka kai su tasha ka biya musu kuɗin motar haya.